Ƙarfen Sabis da Bijiman Malam Abdulsalami

Karatun kiwon dabbobi aka tura Zulkifli ya yi a jami'a, amma abin da ya fi shiga ransa a shekarar farko ba ruwansa da saniya ko akuya. Wani kwas ne cikin waɗanda ake ɗora wa kowa dole, na Ji-Es-Ti, waɗanda ko likita za ka zama ko injiniya, ba mai miƙa maka digiri sai ka haye su. Akwai na Turanci, akwai na yadda ake amfani da laburare, akwai na al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Ɗalibai sun tsane su ƙwarai. A cusa mutane maƙil a ɗaki ɗaya, lasifika tana shaƙewa, na baya suna ɓarar gyaɗa suna kallon ƙwallo a waya. Shi ma Zulkifli can baya yake zama, yana mitar wai shi da ya zo koyon ciwon shanu me ya haɗa shi da yadda ake jera littattafai a kanta.

Sai aka zo kan Falsafa da Mantiki, wanda ɗalibai ke kira lojik. Malamin, Dakta Hambali, ɗan firit ne, amma muryarsa ba ta bukatar lasifika. Ranar farko ya tsaya ya ce musu, "Ban zo in sa ku hadda ba. Abin da jami'a take nema a wurinku shi ne, in kun gama kwas ɗin nan, a kawo muku magana ku iya duba ko dalilin da aka kafa ta a kai zai ɗauke ta. Ko wa ya faɗa, ko da ni ne." Ya ba su misalin mutumin da ya sa sabuwar hula ya ci jarrabawa, daga nan ya rantse hular ce ta ci masa. Aka yi dariya. Zulkifli bai yi ba, don ji ya yi kamar an kunna masa fitila a ka. Mako na gaba a layin farko ya zauna.

Kafin zangon ya ƙare ya zame wa abokan ɗakinsa ƙarfen ƙafa. Ka ce shayin jiya ne ya hana ka barci, ya tambaye ka sau nawa ka sha shayi ka yi barci. Ka ce kowa ya san abu kaza, ya ce wane ne kowa. Ya ci kwas ɗin da maki mafi girma, ya hau mota zuwa gida hutun bazara yana ji kamar an ba shi wuƙa sabuwa, yana neman abin da zai gwada ta a kai.

To, akwai abin da bai sani ba, kuma gara a faɗe shi tun yanzu.

Mahaifinsa, Malam Abdulsalami, a gefen Kwandiko yake zaune a ƙasar Gwaram, yana noma yana kiwo, Allah ya rufa masa asiri. Wan Malam Abdulsalami kuwa, Baffa Manu, shi ya zauna a gidan gado can wajen Kangire, da gonar kakanni a hannunsa. A da garken Baffa ya fi na kowa a dangin. Sai ciwon huhu ya shiga ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai, ragowar kuma suka tafi a jinyar matarsa, Goggo Barira. Ko igiya ɗaya mai rai a jiki ba ta rage ba. Amma ba a faɗin haka. In an tambaya sai a ce shanun Manu sun tafi kudu da makiyayi, mai tambayar ya ce Allah ya dawo da su lafiya, alhali ya san babu abin da zai dawo. Zulkifli tun yana ɗan aji ɗaya na sakandare yake makarantar kwana a Birnin Kudu, daga nan sai jami'a, gida sai hutu. An ce masa sun tafi kudu, shi kuwa ya ɗauka kudu suka tafi.

Damina tana ƙaratowa, kuma Baffa ba shi da shanun huɗa. Gonar babba ce, shi ya manyanta, 'ya'yansa duk mata ne sun yi aure. In bai sami bijimai ba kafin ruwa ya sauka, gonar za ta fita daga hannunsa, wannan kowa ya gani. Malam Abdulsalami yana da bijimai har huɗu. Amma ta yaya ƙane zai ja saniya ya kai wa wansa ya ce ga taimako? Baffa Manu zai gwammace ya kwana da yunwa. Don haka Malam Abdulsalami ya daɗe yana saƙa da warwara, har ya samo hanya. Shi zai zama mai roƙo, wansa ya zama mai taimako, kuma a gaban mutane za a yi, don kowa ya shaida wanda ya roƙi wani.

Aka yi sa'a matar Ashiru, yayan Zulkifli, ta haihu, dangi suka taru suna. Da safe bayan an raɗa suna an yi addu'a, baƙi na nesa suka watse, dattawan gida suka rage a gindin darbejiyar ƙofar gida, ana ta ɓalla goro. Baffa Manu yana zaune a tsakiyar tabarma da farar rigarsa da ta sha wanki har ta gaji. Zulkifli yana gefe yana zuba shayi.

Malam Abdulsalami ya gyara murya ya ce, "Hamma, ina da wata damuwa, ban san wanda zan kai wa ba in ba kai ba." Hamma ɗin nan na cikin 'yan kalmomin Fillanci da suka rage a bakinsu, da ita yake kiran wansa tun suna yara.

Baffa ya ce, "Ina jin ka, Audu."

Malam Abdulsalami ya nuna ƙarfen sabis ɗin waya da aka kafa bara a bayan gari, ga shi can ya yi tsororo sama da bishiyoyi. "Tun da aka dasa abin can dabbobina ba su ƙara jin daɗi ba. Bijiman nan biyu, Fari da Goje, kullum ramewa suke. Saniyar nan mai ɗan maraƙi nononta ya ja baya. Na yi jiƙo, na yi kanwa, shiru. Ni dai na ce ko za ka taimake ni ka riƙe min su a wurinka, can babu wannan ƙarfe. In ya so su yi ɗan aikin gona kada su sangarce. Na san nauyi zan ɗora maka."

Dattawa suka shiga gyaɗa kai. Wani ya ce lallai ƙarafan nan ba a san abin da suke fitarwa ba. Wani ya ce shi ma kajinsa sun rage ƙwai. Baffa Manu ya sunkuyar da kai yana murza goro a hannu, irin na mai auna nauyin abin da aka roƙe shi. Ya buɗe baki ke nan zai ce to.

Zulkifli ya ajiye butar shayi.

A yi masa adalci, ba da rashin kunya ya fara ba. Durƙusawa ya yi, ya ce, "Baba, a gafarce ni, in yi wata 'yar tambaya." Kuma a ransa taimako yake. Yana ganin za a wahalar da dabbobi a kai su nesa saboda zargin banza, a kuma ɗora wa dattijo wahalar da ba ta da dalili. Ga mahaifinsa yana faɗin irin maganar mai sabuwar hula a gaban jama'a. Ina zai iya yin shiru?

Malam Abdulsalami ya ce, "Zulkifli, shiga ciki ka ce a ƙaro ruwan zafi."

"Yanzu zan je, Baba. Shanun gidan maƙwabcinmu Ɗanbala ai sun fi namu kusa da ƙarfen, a gindinsa ma suke kwana. Su sun rame?"

"Kowa da irin dabbarsa."

"To namu ma, jiya na duba Fari da Goje, wallahi sun fi yadda na bar su ƙiba. Kuma in ƙarfen ne, me ya sa su biyu kawai ya zaɓa ya bar sauran? Saniyar kuwa, Baba, bazara ce, wace saniya ce nononta ba ya ja baya in ciyawa ta bushe? Don abu ya faru bayan an kafa ƙarfe, ba shi ne ya nuna ƙarfen ya jawo shi ba."

Wani tsoho ya yi tari mai tsawo wanda ba na mura ba. Ashiru ya harare shi daga can gefe har idonsa ya kusa faɗowa. Zulkifli bai ga ko ɗaya ba. Daɗin magana ya ɗebe shi, kowace tambaya tana faɗawa daidai inda ya auna ta, kuma shirun da wurin ya yi sai ya ɗauka shirun gamsuwa ne. Mahaifinsa, mutumin da ba a taɓa ƙure shi a zance ba, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Da ya tsaya a nan, da wataƙila dattawa sun san yadda suka lallaɓa suka ɗinke. Amma sai ya juya wurin Baffa, da murmushinsa, don ya ƙarasa hujja.

"Kuma Baffa ga naka garken suna nan dawowa daga kudu da ruwan farko. In an haɗa da namu ina wurin zai ɗauke su? Baffa, yaushe ma za su iso?"

Can cikin gida ana jiyo mata suna guɗa, ana daka.

Baffa Manu ya ɗago ya dubi yaron, ba da fushi ba. Ya ce, "Sun yi nisa, ɗana." Sannan ya juya wurin ƙanensa. "Audu, yaron nan ya yi gaskiya. Shanunka lafiyarsu ƙalau. Bar su inda suke, kada ka wahalar da su." Ya jefa goron a aljihu, ya jawo takalmansa, ya ce rana tana yi, gara ya kama hanya tun motocin Birnin Kudu ba su yi wuya ba. Aka ce ya tsaya a ci tuwon suna, ya ce a ƙoshe yake. Malam Abdulsalami ya raka shi har bakin titi.

Zulkifli ya shiga cikin gida yana jiran a yaba masa. Mahaifiyarsa, Inna Hapsatu, tana bayan ɗaki tana kankare tukunya, labari kuwa ya riga shi isowa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sannu malamin jami'a. Duk gindin bishiyar nan kai kaɗai ne ka ɗauka maganar ƙarfe ake."

Ta faɗa masa komai, a taƙaice, hannunta bai bar tukunyar ba. Duk da haka bakinsa bai mutu nan da nan ba. Ya ce, "To Inna, me ya hana a faɗi gaskiya kawai? Ɗan'uwansa ne fa."

"Wa gaskiyar ta ɓace wa? Shi Manun bai san shanun ubanka lafiyarsu ƙalau ba? Mutumin da tun kafin a haife ka in ya dubi saniya daga nesa zai gaya maka abin da ke damunta? Ya sani, ubanka ya san ya sani, kowa ya sani. Mayafi aka miƙa masa ya rufa ya karɓa, kai kuma ka zo ka fizge." Ta watsa ruwan tukunyar a ƙasa. "Tashi ka ba ni wuri, ina da baƙi."

Da yamma ya sami mahaifinsa a wurin turke yana zuba wa bijiman dusa. Ya durƙusa ya ce gobe zai tafi Kangire ya ba Baffa haƙuri. Malam Abdulsalami bai yi masa faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Haƙurin me za ka ce kana ba shi? In ka buɗe baki ka ce ka yi haƙuri Baffa ban san ba ka da shanu ba, ka sake faɗa masa ke nan a cikin gidansa. Bar shi." Ya shafa wuyan Goje. "Karatunka kuma ban ce ka bari ba. Tambayoyinka duk daidai suke, ko ɗaya ba ka kuskure ba."

Wannan maganar ita ta bi shi har makaranta.

Ruwa ya sauka yana aji biyu. A cikin kwasa-kwasan dole na wannan shekarar akwai na zaman lafiya da sasanta rikici, wata Dakta Sharifa ke koyarwa. Zulkifli ya shiga ba da wani ɗoki ba. Ana cikin zangon, wata rana ta ce musu mai sasanta mutane ba kalmomin bakinsu kawai yake saurara ba, yana neman abin da suke tsoron rasawa ne, kuma sau da yawa ba dukiya ba ce, mutunci ne. Ta ce in kana so mutum ya karɓi abu, ka bar masa ƙofar da zai shigo da kansa a tsaye. Ta tambaya ko akwai mai misali daga garinsu. Hannuwa suka tashi. Zulkifli ya kifa kai a kan benci.

Haushi ne ya fara kama shi. Waɗanda suka tsara karatun nan, me ya sa suka sa wancan a aji ɗaya wannan a aji biyu? Ba su san akwai hutu a tsakani ba, mutum zai je gida da rabin abu a hannu? Amma haushin bai daɗe ba, don shi da kansa ya san dalilin ba zai ɗauki maganar ba. Ashiru ko sakandare bai gama ba, kuma ya gane abin da ake yi a gindin darbejiya. Ba jami'a ce ta hana shi duban fuskar mahaifinsa ba.

Sai ya shiga neman tasa ƙofar. Lokacin gero da dawa ya wuce, amma wake bai wuce ba. Ya yi ta zarya a tsangayar aikin gona har wani malami ya ba shi irin wake na gwaji, da sharaɗin ya shuka ya kawo bayanin yadda ya yi. Ga dalili ke nan, kuma rabinsa gaskiya ne. Zai ce wa Baffa makaranta ta ɗora masa aiki, ƙasar Kwandiko ba ta dace ba, sai irin ta Kangire. Zai roƙi aron gona. Gona kuwa sai da huɗa, huɗa sai da bijimai, bijimai kuma in sun zo ai ba a mayar da su tsakiyar damina ba, wani zai riƙe su. Ya buga wa mahaifinsa waya ya shimfiɗa masa. Malam Abdulsalami ya ce, "Je ka gwada. In ya ce to, washegari za su hau mota."

Da aka sami ɗan hutun tsakiyar zango bai ko biya gida ba. Ya sauka a Birnin Kudu, ya ɗaure buhun irin a bayan ɗan acaɓa, suka nufi Kangire. Gari ya yi kore shar, hanya duk taɓo. Gonar kakanni tana bakin hanya kafin a kai gidan, don haka ita ya fara gani, sai murna ta kama shi. An huɗe ta tas daga wannan kai zuwa wancan, riɗi ya tashi har gwiwa. Ashe Baffa ya samo shanu! Ya ce wa ɗan acaɓan ya tsaya.

Wani mutum ne a ciki yana cire ciyawa, bai san shi ba. Suka gaisa. Zulkifli ya ce, "Aikin Malam Manu ake yi?"

Mutumin ya miƙe yana share gumi. "A'a, nawa ne. Jingina ya ba ni ita tun farkon ruwa. Ya so ya yi da fartanya, ya fara ta can gefen, ƙirjinsa ya hana shi." Ya dubi buhun. "Kai ɗansa ne?"

Zulkifli ya ce eh. Ya san yadda jingina take ƙarewa a hannun wanda ba shi da abin fansa.

Ya tarar da Baffa a zaure yana tufka igiya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ganin Zulkifli fuskarsa ta washe, ya ce, "A'a, 'yan jami'a ne a gari? Barira, ga ɗanki!" Ya jawo masa buzu, ya tambayi Audu, ya tambayi jaririn Ashiru, ya tambayi karatu. Babu ko alamar riƙo a muryarsa, kuma wannan ya fi yi wa Zulkifli ciwo a kan zagi.

Baffa ya nuna buhun ya ce me aka kawo. Da Zulkifli ya ga dama da ya ce tsaraba ce. Amma ya sha maimaita maganar a hanya har ta zauna a bakinsa, sai ya zuba ta duka, da aikin makaranta, da ƙasar Kwandiko da ba ta dace ba, da aron gona, da bijiman da za a kawo. Baffa ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai, bai katse shi ba, bai yi masa tambaya ko ɗaya ba.

Ya ce, "Madalla. Dabara ce mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Da ka zo da wuri da ba abin da zai hana. Sai dai gonar na ba wani bawan Allah aro, ya zo ba shi da wurin shuka, ga iyali. Na ce ni me zan yi da ita duka, ya je ya ci arziki."

Zulkifli ya dubi igiyar da ke hannun Baffa. Ya ce, "Allah ya ba da lada, Baffa."

"Amin, ɗana."

Goggo Barira ta fito da ƙwarya rufe da faifai, tana tafiya a hankali irin ta wadda ta sha jinya. Ta ajiye a gabansa ta buɗe. Fura ce, an dama ta da ruwa da ɗan tsamiya. A gidan nan ne yana yaro yake shan kindirmo har ludayi ya tsaya a tsaye.

Ta ce, "Ka yi rashin sa'a, Zulkifli. Yau da safe kyanwa ta ɓarar min da nonon kaf."

Zulkifli ya ɗauki ludayin.

"Ai Goggo ni na ma fi son ta haka," in ji shi. "Nono ba ya zama min a ciki kwanan nan."

Ta ce to Alhamdu lillahi, ashe ta dace. Ya shanye duka, ta ɗauki ƙwaryar ta koma ciki ta ƙaro masa.